Ukasha da Allurar Azumi

Ukasha ɗan dako ne a kasuwar Tudun Wada, irin wanda ke saɓa buhun masara kamar matashin kai. Ƙarfin nan kuwa rabi na tuwo ne, rabi na ƙwaya. Biyu yake afawa kafin motocin hatsi su iso, ya wuni yana lodi yana waƙa.

Azumi ne ya tsaya masa a wuya. Mutumin kirki, wai ba zai haɗiyi komai da rana ba, kuma buhu ba ya ɗaguwa sai da ƙwaya. Sai ya ji malam a wajen tafsiri yana cewa allurar magani ba ta karya azumi. Malam da marasa lafiya yake, gogan naka ya ɗauka da shi ake. Ya karɓi sirinji wurin wani mai yi wa shanu allura da ake ce wa Bature, ya niƙe ƙwayar, ya dama, ya tura a jijiya. Salla ta wuce, allura ta zauna, har shekara huɗu.

Sai busasshen tari ya kama shi. Buhun da yake gudu da shi, yanzu sai ya huta sau uku kafin bakin mota. Matarsa Shamsiyya ta ce tibi ne, ta ware masa kwano da kofi. Aka sha sassaƙe, aka sha rubutu, numfashi dai sai guntulewa yake.

A wani asibiti a Kano likita ta ɗaga hoton ƙirjinsa.

"Malam Ukasha, dutse kake fasawa?"

"Hatsi nake ɗauka, ranki ya daɗe."

"To naɗe hannun rigarka."

Ya kalli Shamsiyya, sannan ya naɗe. Tabon allura jere kamar shukar layi.

"Ƙwaya don ciki aka yi ta," in ji likita. "Garin da ke cikinta jini ya kwasa ya jibge a huhu, kuma ba ya fita. Ka daina, mu lallaɓa abin da ya rage."

"Maigida," Shamsiyya ta ce, "wata bakwai ina wanke maka kwano daban, ashe ciwon a aljihunka yake kwana!"

Yanzu yana zaune gefen sikeli da basilla, yana ɗinke bakin buhu. Ran kasuwa in Bature ya gifta, sai Ukasha ya cusa hannu cikin masara, kada ya miƙa shi neman sirinji, har mutumin ya wuce. Yakan ɗauko waƙar lodi, numfashi ya yanke masa a tsakiya, 'yan dako su ƙarasa.