Shekarar da Shamuwa Ta Ƙi Tsamiyarmu

Yayata Mariyama ta rasu a watan jiya. Ita kaɗai ta rage mini cikin waɗanda muka zauna gaban murhun Iya Gaji, don haka in ban faɗi wannan labari ba, ba mai faɗa.

Iya Gaji ita ta haifi babanmu. Ƙauyenmu yana gefen Durum. A shekarun fari ina ɗan shekara tara ko goma. Ba sanyi ke tara mu gaban wuta ba, don bazara ce, ƙasa tana huci har bayan lisha. Dilo take dafawa, wato 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa an zubar, an tafasa an zubar, kafin ɗacinsu ya ragu a iya haɗiyewa. Aikin yana da daɗewa, mu kuma yunwa ba ta barin mu mu yi nisa da tukunya. A nan take yi mana tatsuniya, don mu daina kallon murfi.

Abu ɗaya ya rage mai daraja a gidan, shi ne irin gero. A gidanmu iri a hannun tsohuwa yake, kuma ba a taɓa shi sai shamuwa ta gina sheƙa a kan tsamiyar bayan gida. Haka Iya ta tarar, haka ta riƙe. Daminar da ta wuce Baba bai jira ba, ya shuka da ruwan farko, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Abin da ya rage ba zai yi shuka biyu ba. Iya ta cakuɗa shi da toka don kada wani ya yi sha'awar dafawa, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta.

A wannan bazara ne masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, suka zo da kamiyo biyu, manyan motocin kaya. Rijiyoyinmu sun ƙafe, mata suna kwana a bakin ta ƙarshe suna jiran ta tsatso, saboda haka da guɗa aka tarye su. Inda suka auna ruwa kuwa bai fi jifa ɗaya daga tsamiyarmu ba. Ƙasar Damagaram dutse ce a ƙasa, aikin da suka zaci na ɗan lokaci ne ya ja. Da rana ƙarfe ba ya taɓuwa don zafi, sai suka koma aiki daga magariba zuwa asuba. Suka tada gurup, injin da ke ba su wuta, suka kafa manyan fitilu a kan sanduna.

Tun daga ranar nan duhu ya bar gidanmu. Haske yana tsallako katanga ya kwanta a tsakar gida, har wutar murhu ta koma kamar abin kunya. Zakaran maƙwabta ya rikice, yana cara ana cikin sallar lisha. Jemagun tsamiya suka tashi. Mujiyar da ke kuka a bayan rumbu ba mu ƙara jin ta ba, ko tana nan ma injin ya danne muryarta. Da safe sai mu tarar da ƙwari sun mutu tuli a gindin sanduna, kaji suna rububi.

Shamuwa ta zo a kan lokacinta. Mun gan su da la'asar, sun sauka a tsamiya, ɗaya ma da kara a baki. Da magariba aka tada gurup, fitilu suka haska rassan. Suka yi ta tashi suna komawa, suna tashi suna komawa. Da gari ya waye ba ko ɗaya.

Daren nan Iya ba ta tsaya ga-ta-nan ba. Ta gyara itace ta ce, "Ku matso, ba zan yi ihu da wancan ƙarfen ba." Ta dube ni. "Maigida, rufe bakinka, kada ƙwaro ya riga dilo shiga."

Ta ce an yi wani maigari mai tsoron duhu. Ƙato ne, ana jin tsoronsa, amma in rana ta faɗi ba ya iya zuwa bayan gida sai da rakiya. Sai ya sa aka riƙa hura wuta a kowane lungu, aka riƙa kaɗa ganga har asuba, don Dare ya rasa wurin zama. Dare tsohuwa ce mai baƙin zane. Ta zo bakin gari ta yi sallama, ba wanda ya ji saboda ganga. Ta sake yi, ba a amsa ba. Sai ta ɗaure ƙunshinta ta juya. A cikin ƙunshin akwai raɓa, da barci, da kukan kwaɗi.

Mariyama ta ce, "Iya, to ina ruwan mutane da kukan kwaɗi?"

"Ke dai da kike minshari ba ki rasa komai ba. Saurara."

Ta ce shamuwa ita ke goyo ruwan sama daga kudu, kuma goyo ne mai nauyi, ba ta sauke shi sai inda ta sami duhu ta huta. Ta iso garin nan ta ga ko'ina wal, ko'ina ƙara. Ta kewaya, ta kewaya, ta wuce da goyonta. Shekara ta zagayo, rumbuna suka yi fayau. Maigari ya kashe wuta da hannunsa, ya fita bayan gari shi kaɗai cikin duhu, yana kiran Dare ta yi haƙuri.

Na ce, "Ta dawo?"

Iya ta buɗe tukunya ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. "Da sauran ɗaci," in ji ta. Ba ta ƙarasa ba, mu ma barci ya ɗauke mu.

Washegari ta ɗauki sandarta, ina biye da ita, ta tafi wurin shugaban masu aikin, wani dattijo mai jajayen idanu don rashin barci. Ya ba ta kujera, ya gaishe ta da ladabi.

Ta ce, "Ɗana, ku kashe mana fitilun nan 'yan kwanaki, baƙina sun zo sun rasa masauki."

Da ya gane tsuntsaye take nufi bai yi dariya ba. Ya ce, "Iya, ruwa muke nema muku. In muka tsaya, akwai garuruwa a gaba da ke jiran mu, su ma yaransu ƙishirwa suke ji."

"Na ƙasa kuke nema, kun kore mana na sama."

Ya sa aka juya fitila ɗaya ta daina kallon tsamiya. Injin dai bai tsaya ba. Iya ta yi masa godiya muka dawo.

Bayan 'yan kwanaki aka yi ruwa mai ƙarfi. Da asuba gari ya fita da sungumi. Baba ya tsuguna a ƙofar ɗakinta.

"Inna, ƙasa ta sha. Na tona har gwiwar hannu akwai laima."

"Bara ma haka ka ce."

"Kowa ya fita, Inna."

"Dubi tsamiya. Ka ga sheƙa? Ruwan da shamuwa ba ta sauke ba, na wucewa ne. In ka zuba wannan ya ƙone, me za ka zuba? Toka?"

Baba bai iya ɗaga mata murya ba, kuma kunyar bara tana wuyansa. Ya tashi ya tafi taya maƙwabta shuka. Aka sake ruwa, gonakin mutane suka yi kore, tamu tana kwance ja.

Sai da wani ɗan'uwanmu ya zo daga Gafati gaisuwa. Ana hira ya ce shamuwar garinsu har ta ƙyanƙyashe, bana ma sun fi na kullum yawa, har a kan rumbuna. Iya tana tsinke ganye, hannunta ya tsaya. Ta shiga ɗaki, muka ji ta fasa lakar bakin tulu.

Mun shuka. Geron ya tashi da kyau, ya fid da kai, ya yi bununi, sai ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido. Waɗanda suka shuka da wuri sun sami abin da zai kai su tsakiyar rani. Mu kara muka samu. Baba ya tafi Kano cin rani. Iya ta riƙa cewa ta ƙoshi tana tura mana ƙwaryarta, kuma ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba. Ta rasu kafin bazara, Allah ya jiƙanta.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar zagin masu foraj ce. Da na girma na ga ba haka ba ne. Foraj ɗin ya ba da ruwa, da shi aka yi mata wanka, har yau ana sha. Ba wanda ya yi mugunta. Ta san sarai abin da ya kori tsuntsayen, da bakinta ta faɗa mana. Abin da ba ta iya ɗauka ba shi ne a ce ruwa zai zo ba tare da su ba, don duk rayuwarta ba ta taɓa ganin an raba su ba. Fitilun da suka ɓatar da zakara da jemage sun ɓatar da ita ma, don da idon tsuntsu take karanta shekara.

Da bazara ta zagayo masu aiki sun tafi, shamuwa ta dawo tsamiya ta yi gini. Baba ya samo iri wurin dangi, ya shuka da ruwan farko, bai ɗaga kai ya duba ba. Tun daga nan ba wanda ya ƙara dubawa a gidanmu.