Matakalar Baffa Mai Hawa Tara

A zamanin mulkin farar hula, duk wanda ke da dangi a Shagari ji yake shi ma rabin minista ne. Baffana, ƙanen mahaifinmu, albasa yake saidawa a Bodinga, amma da ya je Shagari ya ga bene, ya dawo ya yi rantsuwa gaban jama'a cewa sai Inna, tsohuwarsa, ta sha iska a sama. Ina 'yar shekara goma sha huɗu lokacin, kuma ban da aikin da ya wuce sa ido.

Ɗakin sama ya ginu, saura matakala. Malamin lissafin da ke haya a gidanmu ya zo da tef ya auna. Ya ce hawa goma sha tara ake so, tsayin kowanne inci bakwai, faɗinsa ya ɗauki tafin ƙafa duka, a bar wurin hutawa a tsakiya, a sa ƙarfen dafawa.

"Wurin hutawa?" in ji Baffa. "Malam, Makka za a tai da ƙafa?"

Sai ga siminti ya ɓace a kasuwa kamar an yi masa kiranye. Baffa ya ɗauko wani dogon magini daga Kajiji, wanda bai yarda da tef ba, da ƙwaurinsa yake awo. Ya jingina ƙafa a bango, ya ja layi daidai gwiwa. Hawa tara ya fitar, babu biyu da suka yi kama. Na huɗu ko raƙumi sai ya yi shawara.

Ranar buɗewa unguwa ta taru. Inna ta hau na farko da bismilla, na biyu da rarrafe. Daga na uku samari biyu suka ciccinɓe ta kamar buhun gero, Baffa na bin su yana cewa, "Kun gani? Ba wuya!"

Ta leƙo daga sama, ta dube shi.

"Kai, wanga abu mi na?"

"Matakala ta, Inna."

"To kirawo wanda yag gina ta shi sauko da ni. In ba haka ba, nan ni ka zama sai ka yi ta mutane."

Ya yi lallashi, ya turo liman, ta ƙi. Ni aka ɗora wa aika mata tuwo da buta a cikin guga. Duk mai wucewa sai ta kira shi ta taga: "Ku gaida mai bene, ya rataye uwatai!"

A kwana na shida Baffa ya saida babur ɗinsa ya sayo siminti da tsada, ya sallama wa malamin lissafi da murya ƙasa-ƙasa. Aka fasa aikin magini da guduma, Inna na sama tana ba da umarni.

Da sabuwar ta bushe, ta sauko da ƙafarta. A wurin hutawa ta zauna ta ci goro, ta bar Baffa tsaye a rana har ta gama.