Karen da Ya Bar Randa

Da, a ƙauyenmu na wajen Sule Tankarkar, ba a yi wa kare magana, jifa kawai yake sha. Ni kuwa a yawona na ga makiyaya a Damagaram suna juya karnukansu da fito, na ga Turawa suna zaunar da nasu da kalma ɗaya.

Da tsufa ya dawo da ni gida, sai na ɗauki kwikwiyo don gadin awaki. Matsalarsa ɗaya, tsoma baki a randar ruwan shanmu. Matata ta gaji da zubar da ruwa da wanke randa da ƙasa.

"Alhaji, ya ƙara, sai ya bar gidan nan!" in ji ta.

Na shiga koya masa "Tsaya!" da guntun ƙanzo. Maƙwabta suna dariya, wai na buɗe makarantar karnuka.

Wata rana da bazara muka dawo daga kiwo, ƙishirwa ta kama shi, ya zabura ya nufi randa. Na ce, "Tsaya!" Ya tsaya cak, harshe a waje, yana kallona! Na dinga tafi kamar yaro, har hulata ta faɗi.

Tun ranar, matata da kanta take cika masa kaskonsa, kuma ba a ƙara jifansa ba.