Shekarar da Na Rasa Mai Bi Na Aikin Albasa

Edita, a shekarun baya ni bazawara ce mai ƙananan 'ya'ya, ina zaune gidan yayana a Jega. Wata ƙawata ce ta kai ni wani kamfanin albasa a Aliero, inda mata ke ware mai kyau daga ruɓaɓɓiya kafin a ɗura a buhu a loda wa tirela zuwa Kudu. Mai kamfanin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ba na manta rumfar da muke aikin: tabarmi a shimfiɗe, jarirai na barci a gefe, mu kuma muna waƙa muna tsokanar juna, ido na hawaye baki na dariya. Azahar na yi sai a tsaida komai. In mace ta haihu, Baba kan aika mata da gero, ya ce gurbinta na nan har ta yi arba'in.

Da ya ga ina da faran-faran da jama'a, sai ya ɗora mini nemo ma'aikata. Ba na ma kiransa aiki. In na sauka Gehuru ko Giwa Tazo na ce Baba na neman mata, kafin in gama shan ruwa tsakar gida ya cika. Har magidantan da ba sa barin iyalinsu zuwa ko'ina sukan ce in dai wurin Baba ne, a je.

Da Allah Ya yi masa rasuwa, magada suka ɗauko manaja daga birni. Ba zan ce mugu ba ne, shi dai buhu yake gani, ba ya ganin mai ɗura shi. Ya hana zuwa da goyo, ya hana waƙa. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na wata tsohuwa 'yar Sarandosa, wadda ta fi kowa daɗewa a rumfar. Jiri ya ɗebe ta cikin zafin bazara ta faɗi, ta kwanta jinya. Ranar da ta dawo, mai gadi ya tare ta a ƙofa ya ce an maye gurbinta. A kan idona ta gyara mayafinta ta juya. Na yi wa manaja magana, ya ce mini masu neman aiki sun fi albasa yawa a ƙasar nan.

Da kakar albasa ta zagayo, aka ba ni mota in je in ɗebo mata kamar kullum. Ba wanda ya yi mini tsawa. Kowane gida an shimfiɗa mini tabarma, an dama mini fura, amma wannan ta ce mijinta ba ya nan, waccan ta ce ƙafa ke damunta. Goggona ce a Gehuru ta fito mini fili. Ta ce labarin tsohuwar nan ya riga ni isowa, sannan ta tambaye ni ko zan iya dafa Alƙur'ani in ce in ɗiyarta ta faɗi gobe ba za a rufe mata ƙofa ba. Na sunkuyar da kai. Haka muka koma Aliero, daga ni sai direba.

Manaja ya ƙara kuɗin aiki, ya sa aka yi shela ranar kasuwar Jega. 'Yan kaɗan suka zo, baƙi, waɗanda ba su san albasa ba. Ruɓaɓɓiya ta shiga buhu ta lalata mai kyau, 'yan kasuwar Kudu suka daina karɓar kayanmu. Ba a daɗe ba aka sa wa ƙofar kwaɗo. Matanmu kuwa suna can Maiyama wurin wani ƙaramin ɗan kasuwa da aka ce yana da mutunci, ni ma daga baya can na bi su.

Da ina zaton ni ke kawo mata da daɗin bakina, ashe halin Baba suke bi, ni 'yar aike ce kawai. Don haka ina jan kunnen duk mai ɗaukar ma'aikata: yadda ka sallami mutum ɗaya yau, gobe a gidan suna za a ba da labarinsa, kuma waɗanda za ka nema baɗi suna zaune a wurin suna saurare.