Ranar da Na Ce Kawu Ɗan Garinmu Ne

A shekarata ta uku a Dubai, abokan aikina suka saka ni cikin gasar ƙananan jiragen ruwa, irin waɗanda iska ke turawa. Aikina jan igiya ne kawai, amma yadda na cika wa mutanen gida baki a waya sai ka rantse ni ne matuƙi. Daidai lokacin Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo sarin atamfa a Bur Dubai, ya sauka a ɗakina da ke unguwar Hor Al Anz. Ya ce sai ya je ya gani da idonsa.

Muka zo kusa da na ƙarshe. Da muka fito na hango shi a bakin ruwa, cikin tsohon kaftani da silifas, yana ɗago mini hannu. Ogana, wani Balarabe, ya tambaye ni wane ne. Na ce, "Wani ɗan garinmu ne." Da Larabci na faɗa, na sha'afa cewa Kawu ya yi shekaru yana jan babbar mota daga Agadas zuwa cikin Sahara, ya fi ni jin harshen.

Washegari muka shirya tafiya kudu a motar Oga, ta gandun dajin Marmoom har rairayin Liwa. Oga da kansa ya ce a taho da dattijon. Muka wuce bareyi suna kiwo a gefen hanya, gari ya ƙare, sai tuddan rairayi ja iya ganinka. Ni ina gaba ina zuba surutu, Kawu yana can baya kusa da jarkokin ruwa.

Bayan azahar motar ta kafe. Oga ya yi ta ba ta wuta, tana ƙara nutsewa. Kawu ya sauko ya ce masa da Larabci, "Khalas, ya isa, kashe ta." Ya durƙusa ya rage iskar tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya tone rairayin da hannunsa, ya karɓi sitiyari. A hankali ya ja da baya, ta fito.

Oga ya rungume shi yana dariya, ya ce, "Wai mene ne tsakaninka da wannan?"

Kawu ya dube ni. Ni na sunkuyar da kai.

"Ɗan ƙanwata ne," in ji shi. "A gidana ya tashi."

Oga ya juyo ya kalle ni, sannan ya buɗe wa Kawu ƙofar gaba.

Da muka tsaya la'asar, na kawo masa ruwan alwala, na tsuguna ina zuba masa. Na ce, "Kawu, ka yafe mini."

Ya shafa kansa, ya wanke ƙafafunsa a tsanake.

"Tashi ka yi taka," ya ce. "Rana na tafiya."