Fitilar da Yaya Hadiza ta ce in yi mata

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, mai ɗinkin hula a Bakura. Allah ya jiƙanta.

Da rana hidimar gida ba ta barinta, don haka bayan magariba take zama da allura, ƙarƙashin farar fitila mai caji da mijinta ya sayo a kasuwar Talata Mafara. Sabuwarta tana haske tas. Da bazara ta gasa ta, sai hasken ya dushe, ya koma shuɗi-shuɗi. Wata safiya ta fito da hular wani malami na Janbako tsakar gida, ta ga rabin zanen kore ne, rabi shuɗi. Ta sake zare ba ta sani ba.

"Auta, ku da kuka yi boko, wagga fitila maƙaryaciya ta," ta ce tana dariya. "In ka gama, ka yi min wadda ba ta yi min ƙarya."

Na ce to, ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Sai a jami'a na fahimci dalili, gwargwadon fahimtata. Asalin hasken irin wannan fitila shuɗi ne. Wani garin sinadari rawaya da ake shafawa a kai shi ke mayar da shi fari, kuma da wani ƙaro mai kama da roba ake riƙe garin. Zafi na cin ƙaron, launi ya gurɓace. Shi ya sa masana ke ƙoƙarin narka garin cikin gilashi, wanda ya fi jure zafi. A kan wannan nake binciken digiri na biyu. Ba zan ce na yi nisa ba. Mafi yawan abin da na gasa tsagewa yake yi, wanda ya tsira kuma haskensa bai kai ba. A watan jiya har na fara tunanin ajiye aikin in koma koyarwa a Maradun.

Me za ta ce da ta ga fitilun da ke kan titunanmu yau? Ina jin daɗi za ta ji, sannan ta miƙa zare biyu ƙarƙashinsu ta gwada. Da ta ji ina shirin ajiyewa kuwa, ina zaton tuna min za ta yi cewa ita ta kan warware aikin kwanaki ba ta yi tsaki ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Waccan hular ba ta warware ta ba, sabuwa ta ɗinka wa malamin. Ta farkon tana wurina. Ban sani ba ko zan cika alkawarin, wataƙila wani ne zai cika. Amma na fasa ajiyewa. Duk gilashin da ya fito daga wuta lafiya, in na ɗora shi kan fitila, hular nake fara sawa ƙarƙashin haskensa, in duba ko kore ya fita daban da shuɗi.