Wanda ya saki ruwan a fim ɗin nan

Yau Talata. Ƙafafuna a kumbure na tashi, tari kuma bai sake ni ba. Ina zaune a zaure da safen nan aka zo aka ce Malam Ɗanlami ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba ku san shi ba, amma kun ga aikinsa. Kun tuna fim ɗin jarumin nan mai jar alkyabba da aka ɗauka a bakin kanal ɗinmu na wajen Bunkure, inda yake ɗaga hannu ruwa ya taho da gudu? Yara suna cewa aikin kwamfuta ne. Ɗanlami ne tsugune bayan kyamara yana buɗe ƙofar ruwan gonarsa. Ina wurin, a gindin mangwaro.

A nan kowa da ranar ban-ruwansa. Ranar tasa ce, ya ba 'yan fim ɗin. Darakta ya ce a sake, Ɗanlami ya rufe ya buɗe. Alkyabba ta maƙale a ƙaya, a sake. Jarumi ya yi atishawa, a sake. Duk ruwan nan cikin fangalin albasarsa yake kwanciya. Albasa kuwa ba ta son haka. Ta ruɓe a ƙasa.

Na ce masa, "Ɗanlami, ka kashe gonarka saboda wasan yara."

Ya yi dariya ya ce, "Ticha, kai dai tsufa ya sa ka mita. Sun ce za su kawo mana mu gani."

Ba su kawo ba. A wayata na nemo fim ɗin. Na bi sunayen ƙarshe da gilashina, har mai kwalliya an sa, shi babu. Ban faɗa masa ba.

Shi kaɗai yake leƙo ni. Shi yake ɗora ni a mashin zuwa asibiti a Kura, yana tafiya a hankali saboda bayana.

Ran Juma'a ya kawo min kunu. Zai fita ya juyo ya ce, "In 'yan fim ɗin nan sun zo ka aika a kira ni."

Allah ya jiƙan Ɗanlami, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, da sunansa.

Na kira daraktan, ya ce zai zo gaisuwa bayan azahar. Na shimfiɗa tabarma. Ga shi an kira magariba, bai zo ba.